Amsa ga ɗan'uwan da ya sayo Oscar guda biyu

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, ka ce ka sayo ƙananan kifin Oscar biyu ka zuba su a tankin gilashi mai lita 60 tare da golfish (ɗan kifin adon nan mai ruwan zinari), kana son sanin ko za su zauna lafiya. Toh gaskiya ba zan ɓoye maka ba, ba za su zauna ba, kuma ni ma da haka na fara shi ya sa abin ya taɓa ni.

Oscar asalinsa kifin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, dangin karfasar nan tamu ne, duk gida ɗaya suke na siklid. Yanzu ka gan shi kamar ɗan yatsa ko? Idan yana cin abinci sosai a wata ɗaya yana ƙara wajen santimita 2, kafin ka ankara ya kai santimita 30, kuma yana iya shekara 10 ko fiye a hannunka. Mai shagon da na sayi nawa ce min ya yi wai kifi daidai girman tankinsa yake tsayawa, wallahi ba haka ba ne, tsumburewa yake yi yana ciwo. Guda ɗaya tal yana buƙatar kamar lita 300, wato tanki mai tsawon santimita 120, faɗi 50, tsayi 50, biyu kuwa sai ka nemi wanda ya fi haka nesa, sannan ka sa a yi maka teburin ƙarfe saboda ruwan kaɗai kilo 300 ne ban da gilashi da yashi.

Golfish ɗin ka raba su yau. Duk abin da zai shiga bakin Oscar abinci ne a wurinsa.

Amma abin da nake so ka riƙe shi ne ruwa, don shi ya kashe min na farko. Kifin nan akwai ci akwai kashi, kuma yana tauna abinci rabi na fita ta ramukan numfashinsa da ke gefen kai yana ruɓewa a ƙasa. Wannan dattin yana zama amoniya mai ƙona kifi, ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson filta (na'urar tace ruwan tanki) su ne ke juya ta zuwa sinadarin naitirait sannan naitiret mai sauƙin illa, wanda canjin ruwa ke ragewa, kuma sabon tanki sai ya yi sati 4 zuwa 6 kafin su kafu. Ni lokacin ban san wannan ba, ina ganin ruwa garau sai in ce ai lafiya lau, ina wanke soson filta tas da ruwan famfo ashe su nake kashewa, wata guda ban canja ruwa ba. Sai na fara ganin 'yan ramuka a kansa kusa da ido kamar an tsira allura, ya daina zuwa gaban gilashi in na shigo, kifin da ya san ni yake karɓar abinci a hannuna, ya koma lungu ya yi duhu har ya mutu. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yanzu duk Asabar ina zuƙe kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na ruwan tankin da tiyo, ina bin yashin ƙasa inda dattin yake taruwa, sannan in zuba sabon ruwa. Soson filta a cikin bokitin tsohon ruwan tanki nake matse shi kawai. In ruwan famfo ne akwai kulorin, ka sa maganin cire shi tukuna. Filta kuma ka sayi wadda ta fi ƙarfin tankin.

Sai matsalar wuta, in Nepa suka ɗauke awanni filta ta tsaya iska tana ƙarewa da sauri, musamman watan zafi, ka ga kifi ya taso sama yana haki. Ka nemi ɗan famfon iska mai caji, ba tsada. Da hunturu kuma ruwa yana yin sanyi sosai da asuba, shi kuma tsakanin digiri 24 da 28 yake so, dole hita, amma ka sa mata kariya don yana iya fasa ta. Shuka ma tumɓuke ta zai yi, manyan duwatsu masu santsi da itace sun ishe shi, kuma ka rufe saman tankin da murfi mai nauyi saboda yana tsalle.

Abinci ka dogara da felet na siklid, wato abincin kifi na kanti mai ƙwaya-ƙwaya, sau biyu a rana yanzu da suke ƙanana, in sun girma sau ɗaya. Wani lokacin ina ba shi tana ko gyare ko fara in na tabbatar ba a yi feshi a wurin ba. Naman shanu da kitse ka bari.

In ba ka da halin babban tanki nan da wata uku, ka mayar da su tun suna ƙanana, don yanzu ne za ka samu mai karɓa, babba kowa gudunsa yake. Ka turo hoton filtar taka mu ga ko za ta riƙe kafin lokacin.