Faifan gem ɗina ya ƙi tashi sai da intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan gidan gem a unguwarmu. Na sayo sabon faifai, na saka a PS5, ya ce sai na jona intanet. Da na jona kuma, babu wurin da mutum biyu za su kara a talabijin ɗaya. Faifan ne jabu, ko na'urar ce?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mai yiwuwa duk lafiyarsu ƙalau, kamfanonin ne suka canza salo. Wasanni da yawa yanzu rabinsu ne a faifai, sauran na sabar kamfani, wato babbar kwamfutarsu da ake jonawa ta intanet. Can ake ajiye matakin da ka kai, can ake tantance cewa saya ka yi, can kuma ake tallata maka kayan cikin wasa. Su dai cewa suke yi don hana satar fasaha da maguɗi ne. Da gaskiyarsu, amma a ganina neman kuɗin ya fi yawa.

An sha ganin illar abin. A Maris ɗin 2022 sabar wasan tseren mota Gran Turismo 7 ta tsaya sama da awa 30, galibin wasan ya ƙi buɗuwa. Na The Crew ya fi muni: ranar 31 ga Maris 2024 Ubisoft, kamfanin da ke da wasan, ta rufe sabarsa gaba ɗaya, faifan da mutane suka biya kuɗi ya tashi a banza. Daga nan aka fara gangamin Stop Killing Games na neman a hana kamfanoni kashe wasannin da mutane suka saya, wanda a 2025 ya tara sa hannu sama da miliyan 1 a Tarayyar Turai.

Batun 'yan wasa biyu kuwa, raba allo na tilasta wa na'ura zana filin wasa sau biyu a lokaci guda, sai hoto ya rage kyau. Ga shi kamfani ya fi son abokinka ya sayi nasa kwafin. Da Halo 5 ya fito a 2015 babu wannan tsari, 'yan wasa sun yi ca a kai.

Kafin ka sake saye, juya bayan kwalin. Ana rubuta yawan waɗanda za su iya bugawa a na'ura ɗaya, da ko intanet dole ne. Wasannin ƙwallo da na faɗa, irin su EA Sports FC da Tekken 8, har yanzu mutum biyu na bugawa ba tare da data ba. Waɗanda ka sauke daga shagon PlayStation kuma, shiga saitin asusunka ka kunna Console Sharing and Offline Play, wanda ke ba ka damar buga su babu intanet. Sai dai wannan ba ya wa wasan da aka gina kan sabar kamfani magani, shi kam mayar da faifan ka yi musaya.