Maganin kashe maniyyi: amsoshin tambayoyinku

Wata mai jego daga Funtuwa: Likita, ina shayar da ɗan wata huɗu, allurar tazarar haihuwa kuma tana rikita min al'ada. A kemis an ba ni wata ƙwaya da ake matsawa kafin saduwa. Zan iya dogara da ita?

'Yar'uwa, barka da shayarwa. Duba jikin kwalin, mai yiwuwa za ki ga an rubuta nonoxynol-9. Dangin sabulu ne, yana fasa fatar ƙwayar maniyyi ta kasa iyo zuwa mahaifa. Ana yin sa ƙwaya, ko man shafawa, ko kumfa, ko 'yar fallen leda mai narkewa. Babu sinadarin da ke taɓa al'ada a cikinsa, ba ya rage nono, kuma in ciki ya shiga duk da shi, ba ya nakasa jariri.

Sai dai batun dogara, gaskiya yana cikin hanyoyin tazarar haihuwa mafi rauni. A cikin mata 100 da suka yi shekara guda da shi kaɗai, kimanin 21 kan ɗauki ciki. Ashanar hannu (ɗan siririn maganin da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse) ko robar da ake sawa cikin mahaifa kuwa, ko ɗaya cikin 100 ba ta cika ba. Yawancin kuskuren wajen lokaci ne. Ƙwayar na bukatar minti 10 zuwa 15 ta narke, ki tura ta can ciki kusa da bakin mahaifa. In awa guda ta wuce ba a sadu ba, ko maigida ya sake komawa, sai a sa sabuwa. Na sha ganin wadda ta sa tun bayan isha'i, maigida bai shigo ba sai sha biyun dare, daga baya ta zo tana cewa magani jabu ne. Idan ba kya son ciki yanzu ko kusa, ki je sashen tazarar haihuwa a duba miki ashana.

Wata daga Maraɗi: To yaya zan yi da tsarki da wankan janaba?

Ki yi wankanki, ki wanke waje yadda kika saba. Abin da ake hanawa shi ne sa yatsa ko tura ruwa ciki kafin awa 6, don za ki wanke maganin ki bar maniyyin.

Wani direban babbar mota: An ce kwaroron roba mai wannan magani yana kashe ƙwayar ƙanjamau. Haka ne?

Malam, a kwalbar gwaji yana kashewa, shi ya sa likitoci ma suka daɗe suna sa rai. A jikin mutum labari ya sha bamban. Gwajin da aka yi a Kamaru, wanda aka buga a 1998, bai nuna wata kariya ba. Wani kuma a kan mata masu zaman kansu a Benin, Kwaddibuwa, Afirka ta Kudu da Tailan, wanda aka fara bayyanawa a taron ƙanjamau na Durban a 2000, ya nuna waɗanda ke sa shi sau da yawa a rana sun fi kamuwa. Dalili shi ne sabulun da ke fasa maniyyi yana goge lallausar fatar farji, ya bar ƙananan raunuka da ido ba ya gani, ƙwayar cuta ta samu ƙofa. A dubura ɓarnar ta fi muni. Tun 2007 hukumar magunguna ta Amurka ta wajabta rubuta wannan gargaɗi a kwali. Ba ya kare ciwon sanyi ma. Kwaroron ne ke ba ka kariya, saboda haka sayi wanda babu maganin, ya fi daɗewa bai lalace ba.

Wata amarya daga Gombe: Duk na sa sai ƙaiƙayi da raɗaɗin fitsari.

Ki daina, amarya. Wasu jikinsu ba ya karɓarsa, maza ma kan ji zafin. Yana kuma kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tsaron farji, har cutar mafitsara ta samu hanya. Kada ki bi shi da wani matsi ko ruwan zafi da gishiri. In raɗaɗin ya kai kwana biyu, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka biyo baya, ki je asibiti a gwada fitsarinki.