Za a iya auna mawaƙa a ce wane ya fi wane?

Tambaya: Malam, kullum muna musu da abokaina a kan wanda ya fi iya waƙa da kiɗa. Shin akwai ma'aunin da zai jera mawaƙa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba tare da son rai ba?

Amsa: Ɗan'uwa, akwai abin da ke aunuwa, akwai wanda ba ya aunuwa, kuma musunku galibi a kan na biyun yake.

Ƙwarewar hannu da ta murya tana aunuwa. Na'ura za ta nuna ko mawaƙi ya sauka daidai kan sautin da ake so ko ya ɗan kauce. Za a iya ƙirga saurin yatsu, da tsawon numfashi, a kuma gane ko makaɗi na riƙe da kari ko gudu yake yi ya bar 'yan amshi a baya. Amma ko nan sai an haɗa jinsi da jinsi, mai goge da mai goge, a ba su abu ɗaya su kaɗa. Kuma tun da manhajar Auto-Tune, mai gyara muryar mawaƙi in ta kauce daga sauti, ta fito a 1997, muryar da ka ji a faifai ba shaida ba ce. Sai ka ji mutum ido da ido.

Fasaha kuwa, nan gizo ke saƙar. Dubi gasar fiyano ta Chopin, mai ɗauke da sunan wani shahararren mai tsara kiɗa, da ake yi a birnin Warsaw na ƙasar Poland tun 1927. A gasar 1980 aka fitar da wani matashi, Ivo Pogorelich, kafin zagayen ƙarshe. Kiɗan da kowa ya sani ya kaɗa, amma ta hanyarsa, yana jan wani wuri, yana saurin wani. Wasu alƙalai suka ga ya ɓata, wasu suka ga ya raya. Ɗaya daga cikin alƙalan, Martha Argerich, wadda ta taɓa cin gasar a 1965, ta ajiye alƙalanci ta fice don fushi. Duka manyan masana ne, zaure ɗaya suka zauna, kiɗa ɗaya suka ji. Ba wanda ya ce yatsun yaron sun kasa. Rigimar a kan ma'ana ce.

Kunnen ma ba shi kaɗai ke hukunci ba. A wani bincike da wata masaniya, Chia-Jung Tsay, ta wallafa a 2013, waɗanda aka nuna wa bidiyon 'yan gasa babu sauti sun fi cankar wanda ya yi nasara a kan waɗanda suka saurari sautin kaɗai, har da ƙwararrun makaɗa. Irin wannan rinjayen ido ne ya sa manyan ƙungiyoyin kiɗa a Amurka ke sa labule tsakanin alƙalai da mai neman aiki.

Ni dai misalin da nake yawan bayarwa shi ne marigayi Ɗan Maraya Jos. Tsirkiya ɗaya ce a kuntiginsa. In yawan sautuka da wahalar yatsu ne ma'auni, ɗalibin fiyano zai sha gabansa. To, a ina za ka rubuta makin ɗan shirun da yake yi kafin ya saki magana, ko yadda kalma ɗaya ke sa taro ya kwashe da dariya?

Wannan ba ya nufin kowa gwani ne. Mai ɓata kari ya ɓata, ko da masoyansa sun cika fili, kuma yawan cinikin faifai farin jini yake aunawa. In musun ya sake tashi, ka tambayi abokanka: ya fi shi a me? A murya, a tsara baiti, ko a riƙe taro? Sau da yawa za ka tarar kowa da abin da yake aunawa.