Tambaya da Amsa: Hawan keke a kwarin kogin Drau

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda, zan kai iyali Ostiriya hutun bazara. Akwai hanyar keke a cikin tsaunukan Alps da yara 'yan shekara 9 da 11 za su iya bi? Daga wani mai karatu.

Amsa: Akwai, Alhaji. Ku tashi daga San Candido a Italiya, ku bi gefen kogin Drau zuwa Lienz a Ostiriya. Kimanin kilomita 44 ne, kuma gangara ce: daga tsayin mita 1,175 ku sauka zuwa 673. Ku yi hayar keke a San Candido, ku dawo a jirgin ƙasa.

Inda ake samun matsala shi ne birki. Yaro ya ji gangara sai ya damƙe birkin gaba shi kaɗai, tayar baya ta ɗaga, ya kifa. Koya musu matse hannu biyu tare, su sassauta, su sake matsewa. Kafin ku karɓi keke, duba robar birki, in ta cinye a canza muku. Dokar Ostiriya ta wajabta hular kwano ga yaron da bai kai shekara 12 ba.

Ku fita da ƙarfe takwas na safe, don ruwan sama yakan sauko da rana tsaka ko la'asar. Sanyin safiyar can ba wasa ba ne ga ɗan Jidda, a sa rigar sanyi mara nauyi. Ku kauce wa tsakiyar Agusta, hanyar takan cika maƙil da 'yan Italiya. A ƙauyen Heinfels kuwa, kafin ku kai Lienz, masana'antar biskit ta Loacker tana bakin hanya, yara za su tsayar da ku dole.