Zakin da ya rikiɗe ya zama kyanwa: tambayoyinku kan tambarin tsofaffin katun

Tambaya: Malam, na kai memori wajen masu tura finafinai aka zuba wa yarana katun ɗin Tom and Jerry. Sai na lura kowanne da irin tambarin da yake farawa da shi. Wani zaki ne yake ruri, wani zakin na gama ruri sai Tom ya maye gurbinsa, wani kuma garkuwa ce mai harufan WB. Jabu aka cakuɗa min ne? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, kwantar da hankalinki, ba a cuce ki ba. Abin da aka zuba miki aikin zamani daban-daban ne aka tara a jaka guda, kuma kowane tambari yana gaya miki hannun da kyanwar da ɓeran suke ciki a lokacin.

Asalinsu daga sashen katun na kamfanin MGM ne a Amurka, mai tambarin zaki a cikin zobe. Mutum biyu ne suka ƙirƙiro su, William Hanna da Joseph Barbera, kuma na farko ya fito a 1940. A cikinsa ma sunan kyanwar Jasper, ba Tom ba. Daga nan zuwa 1958 gajerun finafinai 114 suka fito daga hannunsu, bakwai a ciki suka ci kyautar Oscar. Waɗannan su ne masu zaki zalla, kuma a ganina su ne suka fi kyau nesa ba kusa ba. Idan kika duba rubutun farkonsu za ki yi ta cin karo da sunan Fred Quimby. Shi ne shugaban sashen, shi ke karɓar kyautar, amma ba shi ke zanen ba.

A 1957 MGM ya rufe sashen, domin ya ga sake haska tsofaffi a silima ya fi yin sababbi arha. Da ya dawo yana son ƙari, sai ya ba da aikin waje. Wani daraktan katun, Gene Deitch, ya yi guda 13 a birnin Prague na Turai tsakanin 1961 da 1962. Za ki gane su da wani irin sauti mai amsa-kuwwa da motsi mai tsalle-tsalle. Bayansa wani daraktan, Chuck Jones, ya yi guda 34 daga 1963 zuwa 1967, kuma nasa ne kika gani: zaki ya yi ruri, sai ya ɓace, Tom ya bayyana a cikin zoben yana kuka irin na mage yana huci, sannan zoben ya koma harafin O na sunansa. Tom ɗin Jones yana da gira mai kauri, Jerry kuma kunnuwansa sun fi faɗi.

Garkuwar WB kuwa magana ce ta ciniki. Ted Turner, wani attajirin harkar talabijin a Amurka, ya sayi MGM a 1986, ya sayar da kamfanin cikin 'yan watanni amma ya riƙe rumbun tsofaffin finafinansa. A 1996 kamfanin Turner ya haɗe da Time Warner, uwar kamfanin Warner Bros. (WB), shi ke nan kyanwa da ɓera suka koma gidan Warner Bros. Galibin sababbin da aka yi bayan nan garkuwa suke ɗauke da ita.

Tambaya: Ina yaro nakan ga wata tauraruwa tana juyi tana jan jela mai launuka a ƙarshen katun irin su Scooby-Doo. Yanzu idan na kalla a intanet ba na ganinta. Ina ta shiga?

Amsa: Wannan tambarin kamfanin Hanna-Barbera ne, wanda mutanen nan biyu suka kafa a 1957 bayan MGM ya sallame su. Tauraruwar ta fara fitowa a 1979, aka sake ta da kwamfuta a 1986. A ƙarƙashinta akan rubuta sunan Taft, kamfanin da ya saye su a 1966 a kan dala miliyan 12. Scooby-Doo kuwa tun 1969 ya fara, kenan ya girme ta da shekara goma. Idan a ƙarshen na farko-farkon ka gan ta, to liƙa ta aka yi daga baya. Haka sana'ar take: duk wanda ya mallaki kaya sai ya yanke tambarin wanda ya gabace shi ya ɗora nasa. Turner ya sayi Hanna-Barbera a 1991, da kayansu ya buɗe tashar Cartoon Network a 1992, sannan a 2001, shekarar da Hanna ya rasu, aka narkar da kamfanin cikin Warner Bros. Animation. Yadda tauraruwar ta ture na gabanta, haka ita ma aka ture ta a kwafi da yawa.

Tunda ka ɗauko zancen kamfanin, bari in nuna maka wata dabara da za ka iya gani da idonka a waya. Talabijin ba ya biyan kuɗin da silima take biya, don haka suka rage yawan zane. Duba Yogi Bear, wani beyar na katun ɗinsu: ba riga ba wando, amma yana da kwala da nekatai. Ba ado ba ne. Kwalar ce ta raba kai da gangar jiki, sai a zana jikin sau ɗaya a kan takardar roba mai garai-garai, a riƙa sauya kai da baki kawai a samansa. Shi ya sa a Tom and Jerry ɗin da suka yi wa talabijin a 1975 aka ɗaura wa Jerry ɗan jan ƙyalle a wuya. Sannan idan Fred Flintstone, na katun ɗinsu The Flintstones, yana gudu a cikin gida, rage saurin bidiyon ka ƙirga sau nawa taga ɗaya da kujera ɗaya suke wucewa ta bayansa. Bango ɗaya ne ake ta maimaitawa.

Tambaya: Me ya sa wasu suke barin baƙi a gefe biyu na fuskar waya, wasu kuma tambarin a yanke, muryar ma ta siririce?

Amsa: Baƙin gefen ba matsala ba ce. An zana tsofaffin ne a ma'aunin faɗi da tsawo da ya kusa 4:3, wayarka kuma 16:9 ce ko ma ta fi haka tsawo. Idan ka ja hoton da yatsu biyu don ya cika fuska, sama da ƙasa kake yankewa, ko kuma ka miƙar da Tom ya zama kamar an taka shi da mota. Ka bar shi yadda yake. Na ƙarshen shekarun 1950 an yi su a faffaɗan tsarin CinemaScope, su nasu baƙin sama da ƙasa yake zuwa. Idan ka ga irinsu a 4:3, an datse gefensu tun zamanin kaset.

Sauyin murya kuwa hanya biyu yake zuwa. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa, tsarin talabijin na PAL da aka daɗe ana amfani da shi a Najeriya da yawancin Turai 25 ne, don haka kwafin da aka ɗauko daga irin wannan tasha yakan ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin ɗari. Da wuya kunne ya kama wannan. Wanda yake damunka shi ne na gangan: masu ɗora kayan da ba nasu ba a YouTube suna yanke tambari, su juya hoto dama ta koma hagu, su matse murya, duk don manhajar Content ID, mai gano kayan da aka kwafa ba izini, kada ta gane fim ɗin. Da ka ga rubutun farko a juye, ka san inda aka dosa. Nemi tashar WB Kids a YouTube, a can hoton da muryar lafiya lau suke. Kuma duk shafin da ya ce sai ka sauke wani fayil na APK, wato manhajar da ake girkawa a wayar Android, kafin ka kalli katun, rufe shi, domin bidiyo ba ya buƙatar izinin shiga saƙonninka.