Tambayi Likita: Idan aikin ɗan sanda ya biyo shi har gida

Saƙonni uku na zaɓo wannan makon, duka daga gidajen masu kaki. Na sakaya sunaye kamar kullum.

Tambaya: Likita, ni saje ne, shekarata 14 a aiki. Na ɗauki gawa ba adadi, ban taɓa jin ko ɗar ba. Wata biyu da suka wuce aka tura mu wurin haɗarin mota, muka zaro wata yarinya sanye da kayan makaranta irin na 'yata, har takalmin iri ɗaya. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Da na rufe ido sai in ga takalmin nan. Ko ƙarar birki na ji sai gabana ya faɗi, kuma na hana 'yata hawa adaidaita. Abokan aiki wasu sun ce iska ce, wasu sun ce na zama rago.

Amsa: Sannu Yallaɓai Saje, Allah Ya jiƙan yarinyar. Ba ragwanta ba ce. Duk mai aiki da gawa, har mu likitoci, yakan gina katanga a zuciyarsa, ya ce wannan aiki ne, ba nawa ba ne. Shekara 14 katangar nan tana riƙe da kai, sai takalmin nan ya rusa ta, domin a wannan lokacin ƙwaƙwalwarka 'yarka ta gani kwance a bakin titi.

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da aikinsa gadi ne. Da ya hango haɗari sai ya sa jiki ya saki sinadarin adiranalin, zuciya ta hau bugawa, gumi ya keto. A wurinka mai gadin nan ya ƙi sauka daga aiki, har yanzu gani yake kuna bakin titin. Yawancin mutane abin yakan lafa musu cikin makonni kaɗan. Idan ya haura wata ɗaya, ga mafarki, ga firgita, ga guje wa duk abin da ke tuno lamarin, to muna zargin ciwon da ake kira PTSD, wato raunin da tashin hankali ke bari a ƙwaƙwalwa. Kai kuwa ka cika wata biyu.

Ana warkewa. Babban maganinsa zama ne da ƙwararre a kan halayyar ɗan Adam, galibi zama 8 zuwa 12, inda za a bi lamarin da kai daki-daki har ya koma labarin da ya wuce. Wani lokaci a haɗa da ƙwaya irin su sertraline, wadda takan ɗauki makonni kafin a ga aikinta, don haka kada ka jefar da ita bayan kwana biyar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, ga kuma asibitocin koyarwa. Ka ci gaba da addu'a da azkar, ba sa karo da magani. Yarinya kuma ka daina tsare ta, domin gudun abin tsoro shi ke ƙara masa ƙarfi. Ka raka ta makaranta a adaidaitar da kanka, ko da gabanka na dukan uku-uku.

Tambaya: Maigidana sufeto ne. Tun da 'yan bindiga suka kashe abokinsa a gabansa ya sauya. Ba ya cin abinci da mu, abu kaɗan sai tsawa. Na tsinci tramadol a aljihun kakinsa. Rannan na ji yana cewa da ma shi aka kashe.

Amsa: 'Yar'uwa, maganarsa ta ƙarshe ita ta fi tayar mini da hankali, kuma ba ta jira. Ki sami lokacin da ya natsu ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. In ya amsa da e, ko ya yi shiru irin wanda kika gane, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar. Ki nemi wani babba da yake jin nauyinsa, yayansa ko aminin aikinsa, a tabbatar bindiga tana ɗakin ajiye makamai, ba a gida ba. Tramadol kuma kada a raba shi da ita dare ɗaya in ya daɗe yana sha, likita ne zai janye ta sannu a hankali. Yawanta na kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In tsoronsa kada labari ya kai ofis ne, ki gaya masa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi sirrin mara lafiya. In tsawa ta fara komawa duka, ki kwashi yara ki tafi gida tukuna.

Tambaya: Ni kofur ne. An kama ɗan yayata da kayan sata, kuma a caji ofis ɗinmu yake. Na ƙi sa baki, yanzu dangi ko gaisuwata ba sa amsawa. Kullum ƙeyata na sarawa.

Amsa: Malam Kofur, ka je wurin DPO ka faɗi dangantakarku, ka roƙi a cire hannunka daga binciken gaba ɗaya. Sannan ka tafi da wani dattijo wurin yayarka, ka faɗa mata abin da za ka iya: kai wa yaron abinci, neman lauya, tsayawa a bi ƙa'ida wurin beli. Ciwon ƙeyar yawanci ɗaurewar tsokar wuya ce saboda damuwa, amma kada ka yi canke. A auna hawan jininka a ranaku daban-daban, kana zaune ka huta minti biyar, ba daga saukowa sintiri ba. In yana kai 140/90 ko sama, ka ga likita. Ka rage goro da lemon ƙarin kuzarin da kuke sha a aikin dare. In ciwon kan ya zo da dishi-dishin gani, ko nauyin baki, ko mutuwar hannu, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti nan take.