Irin Indigofera australis ya ƙi tsirowa, ko ya mutu ne?

Tambaya: Malam, ina zaune a jihar Victoria ta Ostireliya. Muna so mu farfaɗo da wani fili da dabbobi suka cinye ƙarƙaf, kuma ina son fure a gidana. Na shuka irin Indigofera australis ya kai wata biyu, ko ɗaya bai fito ba. Ya mutu ne?

Amsa: Da wuya a ce ya mutu. Wannan tsiro dangin wake ne, ɗan'uwan baba da ake rini da shi, kuma ɓawon irinsa yana da tauri, ruwa ba ya ratsa shi. A daji zafin gobara ne ko daɗewa a ƙasa ke fasa ɓawon, shi ya sa yake kwanciya shekaru yana jira. Aikinka shi ne ka yi masa abin da wutar za ta yi. Ka tafasa ruwa, ka sauke, ka zuba a kan irin cikin kofi, ya kwana. Da safe waɗanda suka kumbura su ne suka sha ruwa, su za ka shuka, kada ka binne su da zurfi. Sauran ka goge su kaɗan da takardar yashi, ka sake jiƙawa.

Zaɓinka ya yi mini daidai. Saiwarsa tana haɗa kai da ƙwayoyin bakteriya masu ɗauko nitirojin, sinadarin da ke ciyar da tsiro, daga iska su ajiye a ƙasa, abin da gajiyayyen fili ya fi buƙata ke nan. Don haka kada ka cika masa taki. Yana kaiwa kusan mita 2, yana jure inuwar itatuwan turare, da sanyi, da fari idan ya kafu. Ƙasar da ruwa ke kwanciya ce kawai ba ya so.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan dashe. Zomaye da walabi, wata dabba mai kama da ƙaramin kangaru, suna son ɗanyen ganyensa, kafin ka ankara sun share shi. Ka dasa tsakanin Afrilu da Yuni lokacin da ƙasa ta jiƙe, ka kewaye kowane tushe da raga.

Na gida kuma, daga Satumba zuwa Nuwamba zai cika da fure ruwan hoda mai ratsin shuni. Da furen ya zube ka rage masa rassa, in ba haka ba sai ya yi tsawo ya zama tsirara daga ƙasa. Na fili ka bar shi ya yi kwanso. Idan kana son iri, ka tsinke kwanson da zarar ya yi ruwan ƙasa wajen Disamba, don idan ya bushe fashewa yake ya watsar.